Yadda ake neman kalma a layukan rumbun bayanai, da abin da rubutun Hausa ke buƙata

Tambayar ita ce: mutum yana da tebur mai suna labarai a rumbun bayanai na PostgreSQL, da ginshiƙai biyu na rubutu, take da jiki, kuma layukan sun kai kusan dubu ɗari takwas, duk da Hausa. Yana nema da WHERE jiki ILIKE '%ƙasa%', sai ya zauna jiran sakamako, idan ya fito kuma ya tarar labaran da aka rubuta "kasa" ko "k'asa" ba sa ciki. Yaya zai yi?

Matsala biyu ce ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma maganinsu daban ne. Ta farko ta sauri ce, wannan PostgreSQL ya daɗe da warware ta. Ta biyu ta rubutun Hausa ce, wannan kuwa babu wanda ya yi maka aikinta, kai za ka yi da hannunka. Idan ka gyara ta farko ka bar ta biyu, binciken zai yi sauri amma har yanzu zai riƙa tsallake rabin abin da ake nema.

Abin da ya sa ILIKE ke jan ƙafa shi ne alamar % da ke gaba. Fihirisar da aka saba ɗorawa kan ginshiƙi, wato B-tree, tana jera rubutu ne bisa haruffansa na farko. Idan ka ce LIKE 'ƙasa%' tana iya sanin inda za ta fara dubawa. Idan ka ce '%ƙasa%' ba ta da mafari, sai injin ya buɗe kowane layi ya karanta jikinsa daga farko har ƙarshe. Sa EXPLAIN ANALYZE a gaban tambayarka, za ka ga Seq Scan, wato bin teburin layi bayan layi. Ban da jinkiri, ILIKE bai san iyakar kalma ba: neman '%gari%' zai kawo maka "nagari" da "kashegari". Kuma ba shi da hanyar cewa wannan labarin ya fi wancan dacewa.

Binciken cikakken rubutu yana juya lamarin ne. Maimakon a tambayi kowane layi ko yana da kalmar, sai a tanadi jerin kalmomi tun farko, kowace da lambobin layukan da take ciki, kamar fihirisar da ke ƙarshen littafi. PostgreSQL ya shigar da wannan cikin jikinsa a sigar 8.3, shekarar 2008. Kafin nan ƙari ne mai suna tsearch2, aikin Oleg Bartunov da Teodor Sigaev. Nau'in bayanai biyu ne suke riƙe da shi. tsvector shi ne rubutun bayan an daddatsa shi kalma-kalma, tsquery kuma ita ce tambayar, alamar @@ ke gwada su. Ga yadda datsawar take:

SELECT to_tsvector('simple', 'Manoma sun sayi taki, taki ya yi tsada');

Abin da zai fito: 'manoma':1 'sayi':3 'sun':2 'taki':4,5 'tsada':8 'ya':6 'yi':7. Kowace kalma sau ɗaya, da ƙananan haruffa, da matsayinta a jimla. Matsayin nan ne ake amfani da shi daga baya wajen neman kalmomin da suka zo a jere da kuma wajen auna dacewa.

Lura da kalmar 'simple' da na sa. Nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa rami. Idan ba ka faɗi tsarin harshe ba, injin zai ɗauki na default_text_search_config, wanda a yawancin sabobi english ne. Tsarin english yana zubar da kalmomin da ya ɗauka ba su da amfani a Turanci, kuma a cikinsu akwai so, don, can, me, an, in, to da a. Duk waɗannan kalmomin Hausa ne. Wanda ya nemi waƙoƙin "so" ba zai samu komai ba, sai wata sanarwa cewa tambayar ba ta ƙunshi komai ba sai kalmomin da ake zubarwa. Sannan tsarin yana gutsure ƙarshen kalmomi bisa nahawun Turanci, abin da bai shafi Hausa ba ko kaɗan. Buga \dF a psql, manhajar buga umarni ta PostgreSQL, ka ga jerin harsunan da ake da su, babu Hausa. Saboda haka 'simple' ne naka: yana mayar da haruffa ƙanana, ba ya zubar da komai, ba ya yanke komai.

Yanzu ga babban aikin. Kalma ɗaya ta Hausa tana zuwa da siffa uku ko huɗu a rubutun mutane. Mai allon rubutu na Hausa zai rubuta ƙasa, mai gaggawa a waya ya rubuta kasa, wani ya rubuta k'asa. A Najeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar ƴaƴa. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kuwa a Unicode haruffa ne masu zaman kansu, lambobinsu U+0253, U+0257, U+0199 da U+01B4. Ba k ba ce da aka ɗora wa alama kamar é ta Faransanci, don haka dabarar da ake yi ta raba harafi da alamarsa a zubar da alamar ba ta taɓa su.

Alamar hamza ta fi wannan ɓarna. Mai datsa kalmomi na PostgreSQL yana ɗaukar ' a matsayin rabuwa tsakanin kalmomi. Jama'a za ta zama jama da a, sana'a ta zama sana da a, al'umma ta zama al da umma. Mai neman "jamaa" ba zai same ta ba, mai neman sunan Umma kuma zai sha labaran al'umma. Kuma alamar kanta iri-iri ce: akwai miƙaƙƙiya ta allon kwamfuta, akwai lanƙwasassu biyu da waya da Word ke sakawa da kansu, akwai U+02BC. Sai karan ɗori: zanga-zanga ana ajiye ta a dunƙule da kuma a rarrabe, amma wanda ya nema da karan ba zai samu inda aka rubuta "zanga zanga" babu shi ba.

Maganin duka shi ne aiki guda da zai daidaita rubutu, a bi da abin da ake ajiyewa ta cikinsa, a bi da abin da ake nema ta cikinsa shi ma:

CREATE FUNCTION daidaita(t text) RETURNS text
LANGUAGE sql IMMUTABLE PARALLEL SAFE AS $aiki$
SELECT regexp_replace(
translate(t, $$ɓɗƙƴƁƊƘƳ'’‘ʼ$$, 'bdkyBDKY'),
'(\w)-(\w)', '\1 \2', 'g')
$aiki$;

translate na musanya harafi da harafi bisa jeri, kuma duk harafin da ba shi da abokin musanya a jeri na biyu share shi yake yi. Shi ya sa alamomin hamza huɗun nan suke ɓacewa. Na sa manyan haruffa a ciki da gangan, domin a rumbun da aka kafa da tsarin yanki na C, mayar da Ƙ zuwa ƙ ba ya aiki. Karan ɗori kuwa wanda ke tsakanin haruffa biyu kaɗai ake cirewa, saboda wanda ke gaban kalma yana da aiki a tambaya, za mu zo kansa.

Wannan daidaitawa tana da farashi, kada a ɓoye. Ƙafa da kafa sun zama ɗaya, ƙare da kare, ɗa da da, 'ya'ya da yaya. A ganina farashin ya cancanci a biya, domin mai nema ya fi haƙuri da sakamakon da ya yi yawa a kan wanda bai zo ba, kuma da zarar ya ƙara kalma ta biyu, "ciwon ƙafa", ruɗanin ya kau. Idan kana son ƙarin tsafta, ajiye ginshiƙi na biyu na tsvector wanda ba a taɓa masu lanƙwasa a cikinsa ba, ka yi amfani da shi wajen jerawa kawai: duk lokacin da mai nema ya wahalar da kansa ya buga ƙ ko ɗ, layukan da suka dace da ainihin rubutunsa su hau sama. Wannan ginshiƙin ba ya buƙatar fihirisa.

Sai a gina ginshiƙin bincike. Daga siga ta 12, wadda ta fito a 2019, ana iya sa injin ya riƙa lissafa shi da kansa:

ALTER TABLE labarai ADD COLUMN bincike tsvector
GENERATED ALWAYS AS (
setweight(to_tsvector('simple', daidaita(coalesce(take, ''))), 'A') ||
setweight(to_tsvector('simple', daidaita(coalesce(jiki, ''))), 'C')
) STORED;

CREATE INDEX CONCURRENTLY labarai_bincike ON labarai USING GIN (bincike);

coalesce ba ado ba ne. Idan take babu komai, wato NULL, haɗa shi da jiki zai mayar da duka NULL, labarin ya ɓace daga bincike ba tare da wani kuskure ya fito ba. Dole ne kuma a rubuta 'simple' a fili, domin to_tsvector mai karɓar rubutu kaɗai ya dogara da saitin da ke iya canzawa, injin ba zai yarda da shi a nan ba. Umarnin ALTER TABLE ɗin zai sake rubuta teburin gaba ɗaya, kuma zai kulle shi, ba karatu ba rubutu, har ya gama. A yi shi da dare ko lokacin da babu jama'a. CONCURRENTLY yana barin a ci gaba da rubutu yayin gina fihirisa, sai dai ba ya gudana a cikin BEGIN da COMMIT, kuma idan ya katse a tsakiya yana barin fihirisa marar inganci da sai an goge ta an sake. Kafin ginawa, ɗaga maintenance_work_mem daga megabait 64 da yake zuwa da shi zuwa kamar gigabait 1 idan sabar na da hali. GIN, irin fihirisar da muka gina mai riƙe kowace kalma da lambobin layukanta, na jin daɗin wannan sosai. Wanda ke kan siga ƙasa da 12 zai cika ginshiƙin binciken da trigger, wato aikin da ke tashi da kansa duk lokacin da aka ƙara ko aka gyara layi.

Akwai wata irin fihirisa mai suna GiST ma, amma tana ajiye taƙaitaccen sa-hannu ne na kowane rubutu, wanda ke iya kawo layukan da ba su dace ba sai an sake tantance su. Ga tebur irin naka, GIN.

Tambayar kanta:

SELECT id, take, ts_rank(bincike, q, 1) AS daraja
FROM labarai, websearch_to_tsquery('simple', daidaita($1)) AS q
WHERE bincike @@ q
ORDER BY daraja DESC
LIMIT 20;

Ayyuka huɗu ne ke gina tsquery, kuma zaɓensu na da muhimmanci. to_tsquery na son a rubuta masa alamomi daidai, & da | da !, idan aka miƙa masa "farashin taki" haka kawai zai jefo kuskure. Kada ka taɓa ba shi abin da baƙo ya buga kai tsaye. plainto_tsquery na haɗa duk kalmomin da &. phraseto_tsquery, daga siga 9.6, na neman su a jere da alamar <->. websearch_to_tsquery, daga siga 11, shi ya fi dacewa da akwatin bincike: ba ya jefo kuskure komai aka buga, abin da ke cikin alamar zance yana nemansa a jere, kalmar da aka sa wa karan ɗori a gaba yana cire ta. Abu biyu za ka gyara masa a manhajarka. Kalmar "ko" ba ta da ma'ana a wurinsa, or kaɗai ya sani. Kuma alamar zance lanƙwasasshiya da wayoyi ke sakawa, mayar da ita miƙaƙƙiya kafin ka tura.

Harafin A da C da muka sa suna aiki ne a ts_rank, aikin da ke auna dacewa. Nauyin da yake zuwa da shi shi ne 1.0 ga A, 0.4 ga B, 0.2 ga C, 0.1 ga D, don haka kalmar da ta fito a take ta ninka ta jiki sau biyar. Lambar 1 ta ƙarshe tana rage wa dogayen rubutu fifikon da tsawonsu kaɗai ke ba su. ts_rank_cd kuma yana duba kusancin kalmomin da juna. Abin da duka biyun ba sa yi shi ne la'akari da yawan kalma a teburin gaba ɗaya: a wurinsu "gwamnati" da ke cikin rabin labaranka da "ƙanƙara" da ke cikin ƙalilan nauyinsu ɗaya.

A nan ne kuma jinkiri ke dawowa ta bayan gida. Fihirisar GIN ba ta ajiye matsayi ko nauyi, lambobin layuka kawai. Idan kalma ta dace da layi dubu ɗari biyu, sai an ɗauko tsvector na kowannensu an auna kafin a san ashirin na sama. LIMIT ba ya ceton ka. Abin yi shi ne rage taron kafin aunawa: ƙara sharaɗin kwanan wata ko rukuni, ko ka ɗauki sababbin layuka dubu biyar da suka dace a tambaya ta ciki, ka auna su kaɗai. A shafin labarai ma sau da yawa jerawa bisa kwanan wata ta fi amfani ga mai karatu. Akwai ƙari mai suna RUM da ke ajiye matsayi a cikin fihirisa, amma ba ya zuwa tare da PostgreSQL, kuma ba kowane mai ba da hayar saba ke da shi ba.

Saura nahawu. Tunda 'simple' ba ya yanke komai, gida da gidan da gidansa da gidaje kalmomi huɗu ne a wurinsa. Neman farkon kalma, to_tsquery('simple', 'gida:*'), zai kamo su duka, ya haɗo da gidauniya. Ɗafin -n da -r da na mallaka duk a ƙarshe suke, don haka dabarar tana aiki da kyau a kansu. websearch_to_tsquery ba ya yin ta; sai ka datsa kalmomin a manhaja, ka tace duk abin da ba harafi ko lamba ba, ka liƙa :* ka haɗa su da &. Kada ka liƙa wa kalmar da ba ta kai haruffa huɗu ba, domin ma:* zai taɓa dubban kalmomi. Jam'i kuwa ya fi ƙarfin wannan dabara: littafi da littattafai, likita da likitoci, ɗan kasuwa da 'yan kasuwa. Ba na ba da shawarar zama rubuta dokokin jam'in Hausa a SQL. Sun yi yawa kuma togaciyarsu ta fi su yawa. Abin da ke aiki shi ne ɗan tebur na makamanta da ts_rewrite:

CREATE TABLE makamanta (t tsquery PRIMARY KEY, s tsquery);
INSERT INTO makamanta VALUES ('littafi', 'littafi | littafin | littattafai | littattafan');

Sai a bi da tambaya ta ts_rewrite(q, 'SELECT t, s FROM makamanta'). Rubuta abin da ke cikin teburin da siffar da daidaita ke fitarwa, ba lanƙwasa ba hamza. Ka riƙa ajiye tambayoyin da suka dawo babu sakamako. Su ne za su nuna maka kalmomin da ya kamata ka ƙara. Ana iya yin wannan da fayil na makamanta a jakar tsearch_data, haka ma fayil na kalmomin zubarwa, amma sabar haya galibi ba ta barin ka taɓa jakar. Zubar da da, na, ta, ya ma ba na ganin ribarsa a tebur mai wannan girman, ga shi bayan daidaitawa ɗa zai tafi tare da da.

Sunaye wani babi ne. Muhammad, Muhammadu, Mohammed, ko Zariya da Zaria, binciken kalma ba zai haɗa su ba. Wannan aikin ƙari mai suna pg_trgm ne, wanda ke datsa rubutu haruffa uku-uku ya gwada yawan abin da suka yi tarayya:

CREATE EXTENSION pg_trgm;
CREATE INDEX ON labarai USING GIN (daidaita(take) gin_trgm_ops);

A pg_trgm, alamar % ta gwada kamanni ce: tana kawo abin da kamanninsa ya wuce 0.3, ana iya ɗaga shi. Wannan fihirisar tana saurinta ILIKE '%...%' ma, muddin abin nema ya kai haruffa uku kuma ka rubuta daidaita(take) a tambayar daidai yadda yake a fihirisa. Ka tsaya kan gajerun ginshiƙai kamar take da suna. A kan jikin labari girmanta zai ba ka mamaki.

Wurin nuna gutsuren labari da kalmar a haskake, ts_headline yana sake karanta asalin rubutun ne, ba ya amfani da fihirisa, saboda haka kira shi kan ashirin ɗin da suka fito kawai. Zai kuma ba ka matsala ɗaya: tambayarka ta zama kasa, rubutun yana ƙasa, ba zai haskaka ba. Ana rage wannan da kafa tsarin bincike da ke bi ta ƙamus ɗin unaccent kafin simple, bayan ka gwada SELECT unaccent('ƙasa') ka ga ya ba ka kasa a sabarka. Kalmomi masu hamza ba za su gyaru ta nan ba, tunda datsawa na zuwa kafin ƙamus. Idan suna da muhimmanci, yi haskakawar a manhaja. Kuma kada ka zuba abin da ya fitar a shafi ba tare da tace HTML ba.

Iyakoki da ya kamata ka sani: tsvector ɗaya ba ya kai megabait 1, matsayin kalma ba ya wuce 16,383, kuma kalma ɗaya ba a ajiye mata fiye da matsayi 256. Labarin jarida ba zai kai nan ba, amma wanda ke ajiye littafi sukutum a layi ɗaya zai ga neman kalmomi a jere ya lalace a can ƙarshe. Ya raba shi babi-babi. Idan kuma ka ga bincike na yin nauyi bayan an loda layuka da yawa, GIN na tara sababbin shigarwa ne a jerin jira, mai iyakar megabait 4, wanda kowace tambaya sai ta bi shi ɗaya bayan ɗaya. Umarnin VACUUM na kwashe shi.

Ga wanda ke kan MySQL, ana yi da fihirisar FULLTEXT da MATCH ... AGAINST, kuma tarkon can shi ne tsawon kalma: injin ajiya na InnoDB na watsar da abin da bai kai haruffa 3 ba, na MyISAM kuma 4. Ci, ji, so, sha, uwa, duk suna cikin haɗari. Sai a rage innodb_ft_min_token_size zuwa 2, a sake kunna sabar, a sake gina fihirisa, a kuma sauya jerin kalmomin zubarwa na Turanci. SQLite na da nasa tsarin binciken rubutu, FTS5, tun 2015, da ma'aunin bm25 wanda ke la'akari da ƙarancin kalma; a can ƙaramar lamba ce mafi dacewa. A dukansu aikin daidaita rubutun Hausa yana nan a wuyanka.

Ka kiyaye da abu ɗaya game da daidaita. Ka yi wa injin alkawari da IMMUTABLE cewa sakamakonsa ba zai taɓa canzawa ba. Ranar da ka gyara shi, misali ka ƙara wata alamar hamza da ka gano a rubutun, tsofaffin layuka za su ci gaba da riƙe tsohon lissafi yayin da tambayoyi ke bin sabo, kuma babu gargaɗin da zai fito. Bayan kowane gyara sai ka goge ginshiƙin bincike ka sake ƙara shi da fihirisarsa, ka yi REINDEX kan ta pg_trgm, sannan ka gwada da ƙasa, kasa da k'asa ka tabbatar adadin layukan da ukun suka kawo ɗaya ne.